Takalmin da Ke Kuka

"Namadi, kukan nan nika so ka kashe," na ce wa badukun kasuwar Tambuwal, na miƙa masa tsofaffin takalmana sau-ciki da na saya hannun fataken Kebbe.

Na faɗa masa damuwata. Wani saurayi na zuwa wurin ɗiyata Tambaya bayan la'asar, ban san ko ɗan wa ba ne. Duk na laɓaɓo bayan danga, takalmin ya yi ƙiiƙ, yaron ya tsere.

"Baba, bar mini su," ya ce.

Ya sake musu ƙasa, ya ɗinke, ya shafe da mai, suka fito kamar na ango. Amma kukan ya ninka. Har karnukan ƙofar ganuwa sun san fitowata.

Ran Laraba na cire su na riƙe a hannu, na taka ƙaya har danga. Sai na ji muryar da na sani.

"Kwantar da hankalinki, Tambaya. Busasshiyar fata biyu na haɗa mishi, ban shafa mai tsakaninsu ba. Tun daga masallaci za mu ji Baba."