Filtar da Akram Ya Roƙa

Yaushe ne hanin uba yake daina zama kariya? Malam Tanimu makaniki bai san amsar ba.

Ɗansa Akram ya ɗora wa ƙaramar motarsa babban inji, ya zo gareji da sabuwar filtar fetur babba.

"Baba, tsohuwar ta yi wa injin kaɗan. In na taka sosai sai motar ta shaƙe. Sa mini babbar."

"Ba zan sa ba. Gara ta shaƙe, ko ka rage gudu."

Akram ya yi dariya. "To ajiye ta, za ka sauko."

Yau, bayan jana'izar Akram, Malam Tanimu ya shiga ƙarƙashin motar da ta ragargaje, ya kwance tsohuwar filtar. Maƙwabcinsa Jonatan ya durƙusa kusa da shi.

"Malam, fito. Motar nan ba za ta sake tashi ba."

"Direban tirelar da hatsarin ya faru a gabansa ya zo ta'aziyya," in ji Malam Tanimu. "Ya ce saura ƙiris Akram ya wuce shi a hanyar Gitata, sai motar ta shaƙe, ga wata mota tana tahowa ta gabansa."

Ya ɗauki babbar filtar, ya ɗaura ta, ya matse tam.