Tauraro a Shafi na Arba'in

"Ashe ke ce mai ɓata mana littattafai!" in ji ma'aikacin laburare, yana nuna wa wata tsohuwa ɗan tauraron da ta zana da fensir a shafi na arba'in. "Kawo katinki, Iya."

Wata malamar asibiti da ke bayanta a layi ta leƙo, ta gane tauraron. Shekara shida tana farautar tauraron nan daga wannan kantar littattafai zuwa waccan, kuma duk littafin da ta same shi a ciki bai taɓa ba ta kunya ba. Su suka taya ta zaman jinyar mahaifinta. In ta gama karantawa, takan ɗiga ɗan ɗigo a ƙarƙashin tauraron, godiya ga wanda ta ɗauka wani babban farfesa ne.

"Ɗana, mantuwa ce," tsohuwar ta ce. "Don kada in sake aron wanda na karanta."

Malamar ta ajiye nata katin a teburin. "Haɗa da nawa. Ni ce mai ɗigon."

Tsohuwar ta juyo, ta gyara tabarau, ta ƙare mata kallo.

"Ke ce? 'Yar nan, kin cika nawa! Littafi tara na wuce ki. Kullum sai na dawo na duba ko kin iso."