Ciyawar Gimbiya

Tela ya jefa wani dutsen cikin baro, ya miƙe dafe da ƙugu yana ta murmushi shi kaɗai. Mutumin da ya tsufa a kan keken ɗinki, wanda ko tukunyar fure bai taɓa ba wa ruwa ba, yau ga shi da shebur da manjagara a bayan gida, awon ɗinki rataye a wuya don sabo.

Duk wannan rawar jikin saboda Gimbiya ne. Makon jiya ta kama hannun kujera ta miƙe da kanta, ta saki, ta ɗaga ƙafa ɗaya, sai ta tafi tim a kan tayil ɗin falo. Goshi ya yi ƙulu. Tun daga ranar ta ƙi. In an tsayar da ita sai ta sulale ta zauna, ta kau da kai tana cin magani. Abin da ke damun tela ke nan, kada tsoro ya zaunar masa da ita gaba ɗaya.

Sai dabara ta faɗo masa: ciyawa. Fili shafaffe mai laushi, wanda in ta faɗi ba za ta ji komai ba sai sanyi.

Ya kafta ƙasar, ya tsince saiwoyi da fasassun kwalabe, ya tankaɗe ta da tsohuwar ragar taga, ya gauraya da taki. Ya kafa turaku ya ɗaura zare daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sa fuskar filin ta zo daidai da bakin baranda, ba tudu ba gangara.

Maƙwabcinsa mai gyaran famfo ya leƙo ta kan katanga.

"Maƙwabci, filin ƙwallo za ka buɗe mana ne?"

"Ya fi haka," in ji tela, bai ko ɗago ba.

Mai famfo ya zagayo da siririn tiyo cike da ruwa, suka riƙe baki-baki suna duba inda ruwan ya tsaya. Aka tarar gefen katanga ya ɗara na baranda da yatsa biyu. Tela ya dafe kai kamar an dawo masa da wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ya sake jan ƙasa da dogon katako har aka yi daidai.

Saura takewa, don sabuwar ƙasa in ba a danne ta ba, ruwa na sauka za ta lotsa. Tela ya kira 'yarsa Auta, mai famfo ya kira matarsa, aka kunna rediyo. Suka jeru suna tafiya a kan duddugensu kaɗan-kaɗan kamar agwagi. Kafin a je a dawo abin ya zama rawa. Matar mai famfo ta yi tuntuɓe da turke, mijinta ya je taro ta, suka zube tare. Tela kuwa har da juyi, awo na lilo a wuyansa.

Gimbiya na baranda a kujerarta tana ƙyalƙyala dariya har da yawu, Auta ta ruga ta goge mata baki da tawul. Can sai ta ɗaga hannun hagu ta nuna wata kusurwa.

"Can," ta ce. Kalmominta ba su da yawa, amma ba ta ɓarnarsu.

Tela ya ɗora katako a wurin. Ai kuwa ga ɗan kwari ya ɓuya a ƙasa.

"Kun gani ko?" ya ce, baki har kunne. "Ba ta taɓa yarda da aikina a karon farko ba."

Ana cikin cike kwarin hadari ya taso. Iska ta fara kaɗa shanya, gari ya yi duhu. In ruwa ya riga iri sauka, sai a jira ƙasa ta sha iska a sake sabon lale, ga shi kowace rana Gimbiya ƙara sabawa take da zama. Maƙwabta suka gudu rufe tagoginsu. Auta ta yi gefen gida kwashe kaya. Tela ya ja manjagara da baya da baya yana shafe sawun kansa, har fili ya kwanta lumui.

"Kada wanda ya taka min!" ya faɗa da ƙarfi, ya shige ɗakin ajiya ɗauko iri.

Da ya fito, sai ga sawu a kan aikinsa. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya duba da kyau. Sawun ƙafa ne ba takalmi, ɗaya ya fito sarai, ɗaya a jaye, sun taso daga bakin baranda. Kujera kuwa ba kowa.

Tana tsakiyar fili, tana tangaɗi, yatsun ƙafarta sun nutse cikin ƙasa mai laushi. Ashe ba sai ciyawa ta tsiro ba.

Buhun iri ya suɓuce masa ya watse. Ya nufe ta da hannuwa a buɗe, ta doke hannun ta harare shi. Ya ja da baya yana dariya yana hawaye, tana biyo shi taku bayan taku, tana ɓata masa aikin mako guda, shi kuwa cewa yake ta ƙara. Yayyafi ya fara sauka lokacin da ta iso ta cafke awon da ke wuyansa.

Auta ta zagayo da kaya a rungume, ta watsar da su a ƙasa. Ta lalubo waya ta kira wanta.

"Yaya! Yaya, Mama ta taka! Tun ranar da ɓarin jikinta ya shanye sai yau, wallahi ta taka da ƙafarta har wurin Baba!"