Kwanon Inna da Karen Bature

Ana saura mako guda a fara ƙwallon duniya wasu Turawan Ingila suka tare kusa da gidan ɗana a Mesaimeer, can ƙasar Qatar. Surukata ta cika faranti da dambu, wai a kai wa baƙi. Nan take na tuno Jos.

Ina ɗan shekara bakwai wani Baturen ma'adinai ya tare inda Baba ke gadi. Inna ta ciro kwanon jerenta mai jan fure, wanda ko Baba bai taɓa ci a ciki ba, ta zuba tuwo da miyar taushe, ta aike ni. Matar Baturen ta buɗe, ta sunsuna, ta yi mini murmushi, ta dire wa karensu. Ina tsaye ya lashe shi tas.

Da na mayar, Inna ko taɓawa ba ta yi ba. Ta ce, "Koma ka kai wa karen. Ai ya zama nasa."

Bokona aji uku ya tsaya, amma wannan darasin na haddace.

Na tambayi surukata, "Suna da kare?"

"Suna da shi, Baba."

"To khalas, shi ke nan, juye musu a leda."