Kyanwar Mai Tuwo-tuwo da Miyar Albasa

Kai ɗan nan, tsakin ya isa haka, ka cika mini kunne. Don ba ka iya kawo wa iyalinka duk abin da maƙwabcinka ke kawo wa nasa ba, shi ne za ka zauna ka haɗa kai da gwiwa kamar an yi maka rasuwa? Gyara zama in ba ka misali.

An yi wata mai tuwo-tuwo a bakin wata kasuwa, mace mai sakin hannu, ga ta kuma da baki, ba ta gani ta ƙyale. Miyarta ta yi suna saboda albasa. Ba guda biyu ko uku take yankawa ba, rabin kwando take juyewa a mai, ta soya har ta yi ja, ta daka tafarnuwa ta watsa a kai, ƙamshi ya tare masu wucewa. Tana da kyanwa guda, baƙa mai farin wuya. Ita ke tsare mata buhunan shinkafa da busasshen kifi daga ɓeraye, kuma tun da 'ya'yanta suka yi aure suka watse, ita ce abokiyar hirarta. Matar nan tana da ƙa'ida ɗaya da take alfahari da ita: duk mai rai da ya kwana a gidanta, abin da ta ci shi zai ci. Saboda haka kullum sai ta tsamo tsoka daga tukunya, ta lulluɓe ta da soyayyar albasa, ta kwarara romo, ta ajiye wa kyanwar a kwanonta na musamman.

A bayan katangarta akwai wata tsohuwa mai saƙar faifai, wadda ke riƙe da 'yar'uwar kyanwar, uwarsu ɗaya. Ita kuwa kan kifi kawai take tafasawa a ruwa, ba gishiri, ba mai, ba komai, ta tura wa tata. Mai tuwo in ta leƙo ta gani sai ta taɓe baki. Har a gaban masu cin abinci takan ce rowa ba ta yi ba, dabbar Allah ma a ce ba za a sam mata abin daɗi ba. Tsohuwa tana ji, sai dai ta ci gaba da saƙar faifanta.

To, a kwana a tashi, kyanwar mai tuwo ta fara sanyi. Wadda a da take haye katanga da tsalle ɗaya, ta koma kwanciya a gindin randa tana haki. Ɓera ya wuce ta gaban hancinta, ko kunne ba ta motsa ba. Hankalin matar ya tashi ƙwarai, don tana son dabbar nan har ranta. Me kake tsammani ta yi? Cewa ta yi rashin ƙoshi ne, sai ta ƙara mata miya! In ta ƙi ci, ta ɗora ta a cinya tana lallashi tana ba ta a baki. Ta leƙa bayan katanga ta ga 'yar'uwar tana sheƙi, tana wasa da jelarta a rana, har ta fara zargin ko baki ne aka yi wa tata.

Allah da ikonsa, ranar kasuwa wani malamin dabbobi da ya zo rigakafin awaki ya zauna cin tuwo a rumfarta. Ya hangi kyanwar a yashe, ya wanke hannu, ya ɗaga leɓenta. Dasashinta fari fat, ba alamar jini. Ya tambayi abin da take ci, matar ta shiga lissafo masa da fahari. Ya ce ai nan cutar take, albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko soyayyu, cinye jinin kyanwa da kare suke yi a hankali, kuma da an ƙara mako a haka sai dai a haƙa rami.

Ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, abin da nake ci fa nake ba ta!"

Ya ce, "Shi ne ai, Iya. Cikinki daban, nata daban."

Ranar ta yi kuka, kunya da tausayi suka haɗu mata. Ya ba da magani, ya ce a tafasa mata nama ko kifi zalla, a ajiye ruwa mai kyau. Daga nan kafin albasa ta shiga tukunya sai ta cire rabon kyanwar gefe. Hannunta kan yi ƙaiƙayi, ta ɗauki ludayi za ta zuba mata miya, sai ta tuna ta mayar. Wata bai cika ba, sai ga baƙar nan ta dire daga kan buhu da ƙaton ɓera a baki, ta ajiye mata a ƙafa. Matar ta rangaɗa guɗa, masu cin tuwo suna ta dariya.

Da yamma ta cika kwano da miya da nama ta zagaya gidan tsohuwa, ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yafe mini. Ashe kin san wannan abu tuntuni, kika bar ni ina ta zuba?"

Tsohuwa ta ajiye faifai ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Wallahi ban sani ba, 'yar nan. Albasar ce ba ta isa in raba da kyanwa ba."

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa ke cewa, wani hanin ga Allah baiwa ne.