Farar Ƙasa a Tiyon Birki

Tanimu, tun ɗazu nake jin ka kana mita wai an riƙe maka aiki. Bar duba agogon nan, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani manomin albasa da ya gaji tsohuwar akori-kura a wurin mahaifinsa. Shekara ashirin tana jibge a gindin tsamiya, kaji na yin ƙwai a kujerar direba. Mahaifiyarsa tsufa ya cim mata, ba ta da sauran buri sai ta je ƙauyensu na tsallaken rafi ta ga ƙanwarta, kuma a cikin motar nan da aka kawo ta gidan miji. Ya yi mata alkawari. Ya sa aka ta da inji, aka mayar mata da fentinta ruwan ganye, sannan ya sayo wasu ƙosassun tayoyi, don tifofin yashi sun tone hanyar, mota mai ƙananan tayoyi cikinta ne zai riƙa dukan ƙasa. Ya kai wa wani tsohon bakanike da mutane suka guje wa, wai ya cika nawa. Ɗaura taya huɗu fa, aikin da ba ya kai azahar! Tsoho ya ɗaura, amma ya ƙi ba da makulli. Ya dama farar ƙasa ya shafe tayoyin tas, ya loda buhun yashi goma a baya, ya shiga ramuka yana murɗa sitiyari iya murɗawa. Manomi ya cika fam, ya ce, "Baba, mota na kawo ko ɗakin amarya, da ake ta yi mata shafe?" Tsoho ya kama hannunsa. Ya ja shi ƙarƙashin motar, ya nuna masa farin tabo raɗau a jikin tiyon da man birki ke bi. Ashe duk sanda mota ta yi nauyi ta sha kwana, babbar tayar nan na gugar wurin. Ya ce, "Kafin ka kai rafi ta cinye shi. Wa ma ka ce za ka ɗauka?" Mako biyu ya ƙara yana sauya wa tiyon hanya, yana ƙara ƙarfen sipirin don mota ta ɗaga. Mako biyun nan kuwa manomi bai fasa ƙunƙuni ba, ka san halinmu.

Ranar tafiya aka ɗora tsohuwa a gaba, matarsa da jikoki da tsaraba a baya. Suna gangarowa rafi, sai ga shi ruwan jiya ya cinye bakin gada, rami ne ya buɗe baki, bai gan shi ba sai da ya zo daf. Ya danna birki da salati. Mota ta tsaya cak, taku uku tsakaninta da ramin. Tsohuwa ba ta ma san abin da aka yi ba, sai ta ce, "Kai, ubanka bai taɓa girgiza ni haka ba." Ya zagaya ta mashigar shanu, manyan tayoyin suka keta yashi suka haye. Da ya ga tsofaffin nan biyu sun rungume juna suna kuka, sai ya zaga bayan mota shi ma ya yi nasa, don shi kaɗai ya san abin da Allah ya kare. Washegari ya ɗauki buhun albasa mafi kyau ya tafi gareji, ya durƙusa cikin baƙin mai gaban tsohon nan, ya ce, "Baba, na gode, ka yafe mini bakina." Tsoho ya ce, "Tashi kar ka ɓata riga. Ta ga ƙanwar tata?" Ya ce ta gani. Tsoho ya ce to alhamdu lillahi, ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara.

To ka ji, Tanimu. Koma ka ba mutumin nan da ka ce ya riƙe maka aiki haƙuri, ka bar shi ya gama aikinsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.