Gishirin Inna

Kai da kake ta zagaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai, wai kana jin nauyin gaya wa na ƙasa da kai aikinsa ya lalace, matso in ba ka misali.

An yi wata mata mai girkin biki, da mata masu yawa suna aiki a ƙarƙashinta. Cikinsu akwai wata dattijuwa, ƙawar marigayiya mahaifiyarta, kowa Inna yake ce mata. Ita ke riƙe da tukunyar miya, ita ma ta koya wa matar riƙon ludayi tun tana yarinya. Kwatsam sai gishiri ya fara yi wa miyar Inna yawa. Baƙi su kai loma ɗaya, su ture kwano, su nemi ruwa. Har wata Hajiya, wadda duk bikin gidanta matar ke dafawa, ta aiko cewa bikin autarta na tafe, in aka sake kawo mata irin wannan miya to an rabu, kuma ba za ta yi shiru a gari ba. Ka san in manyan matan biki suka juya wa mai girki baya, sai dai ta kife tukwanenta.

Amma wa zai kalli tsabar idon Inna ya ce miyarta ta ɓaci? Sai matar ta yi irin wayon namu. Ta tara ma'aikata duka ta saki habaici, wai hannun wasu ya yi nauyi a gishiri, kowa ta kula. Ai kuwa 'yan matan nan kowacce ta tsargu ta janye hannu, dafa-duka ta fito lami, wake ya fito lami. Inna kuwa sai gyaɗa kai take, tana cewa gara da aka gaya musu, yaran yanzu ba su iya komai ba. Da wannan bai yi ba, matar ta koma fakon idon Inna tana tsiyaya ruwa a tukunya. Miya ta zama tsululu, gishirin kuma yana nan daram. Kai, abin takaici, mace da girmanta tana sanɗa a madafarta kamar ɓarauniya!

Da ta ga ba sarki sai Allah, ta sami ranar da babu aiki, ta sayi goro, ta tafi gidan Inna da hantsi ita kaɗai. Ta durƙusa ta gaishe ta, aka tambayi jikoki da ciwon ƙafa. Sannan ta daure ta ce:

"Inna, gishiri yana yi wa miyarki yawa, har mutane sun fara ƙorafi. Na ɗanɗana da kaina, gaskiya ne. Ba na so ki ji a bakin wani."

Inna ta haɗe rai, ta tambaya ko sallamarta aka zo yi da goro. Matar ta rantse tukunyar miya ba ta da mai ita sai Inna, gishirin kawai ta zo su gyara. Daga nan ta tsaya sauraren Inna. Ba ta cika tsohuwa da ban-haƙuri ba, ba ta kuma janye maganarta ba. Can sai ga hawaye a idon Inna. Ashe tun wani zazzaɓi da Inna ta yi da damina harshenta ya daina jin ɗanɗano, komai salam take jin sa, tsoron kada a ce ta tsufa ya hana ta faɗa wa kowa. Ta share ido da gefen mayafi, ta hau matar da faɗa:

"'Yar nan, ashe kin sani tuntuni, kika bar ni ina kunyata a gaban baƙi? Wannan ce karar da kika yi mini?"

A zaman nan suka shirya. Wuta da daddawa da kayan ƙamshi na Inna ne, gishiri kuwa ita da kanta ta zaɓi wadda za ta riƙa ɗanɗana mata. Ranar bikin auta, Inna ce ke ɗaga murya tana kiran mai ɗanɗano ta zo, ba ɓoye-ɓoye. Miyar taushen da ta fito ranar, wallahi har gindin tukunya aka suɗe. Dangin ango suka biyo har madafa suna tambayar wa ya yi ta, aka nuna musu Inna zaune a kujerarta tana fifita, tana ta washe baki. Kafin a watse an riga an kama matar da bukukuwa na gaba.

To ka tashi ka sami mutumin nan shi kaɗai, ka gaishe shi da mutunci, ka faɗa masa abin da ya lalace da sunansa, ka tsaya ka ji nasa. Hausawa sun gama magana da suka ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.